Na'urar da Muka Haɗa wa Gonar Baba

Shekarun baya, ina hutun makarantar fasaha a gida Yauri, ciwon gwiwa ya kwantar da mahaifina. Gonarsa ta albasa tana bakin ruwa, da famfon sola a ciki, amma babu mai kunnawa da kashewa. Ni kuma hutuna saura mako guda.

Sai abokina, ɗan ajinmu daga Ngaski, ya zo da kwamfutarsa da wata 'yar na'ura da ba ta kai tafin hannu ba. Ya ce za mu koya mata kunna famfo duk lokacin da ƙasa ta bushe.

Baba ya juya ta a hannu, ya ce, "Wanga ɗan abu? Da wane kunne za ya ji ku?"

Abokina ya ce, "Baba, mu za mu rubuta umarni yadda mutum ke ganewa. Kwamfuta ta juya shi zuwa lambobi zalla, su kaɗai yake ji, ta tura mishi ta wagga waya. In sun shiga sun zauna, ko babu wuta."

Na nace ni zan rubuta, don Baba ya ga ba a banza nake karatu ba. Na danna, kwamfuta ta ƙi juyawa, sai jan rubutu. Kwana biyu ina rantsuwa na'urar jabu ce. Ashe ɗigo guda na manta a ƙarshen layi. Da abokina ya saka shi, fitilar na'urar ta yi ƙyafta-ƙyafta, umarni ya shige. Inna ta ce, "Ɗigo guda ya hana ka cin tuwo?"

Albasar ba ta ƙone ba a shekarar.

Bayan damina biyu, jirgin ruwan da ya ɗauko abokina ya kife a tafki. Da shi da kwamfutar, duka ruwa ya ci.

Bara na jona na'urar da tawa kwamfutar, ina neman abin da muka rubuta. Lambobi kawai suka fito. Abokina kuwa yakan saka 'yan maganganu tsakanin layuka, na tsokanata, kuma wajen juyawa kwamfuta zubar da irinsu take yi, tunda na'ura ba ta buƙatarsu. Na yi ta ƙoƙari in tuna ko guda, na kasa.

Har yau in ƙasa ta bushe famfon na tashi. Nakan tsaya in saurara har ya kashe kansa.