Gwaggo ta naɗe ƙosai da hukuncin alƙali

Gwaggona ta sayar da ƙarshen littafina tare da ƙosanta, kuma har gobe ban ce mata na yafe ba. Muna gaisawa, muna cin tuwo kwano ɗaya, in ta yi rashin lafiya ni ke ɗaukarta a moto zuwa likita a Dungass, amma wannan magana tana nan. Ba zan manta da ita ba ko da tsufa ya kwashe sauran abin da ke kaina.

Ni ban shiga lakwal, makarantar boko, ina yarinya ba. Sai da na aurar da 'yata ta fari na zauna kan tabarmar yaƙi da jahilci, ina riƙe alli kamar muciya. Madam ɗin da ta koya mana ta lura ina gama ƙananan littattafan nan na wanke hannu da shayar da jariri ina tsaki. Ranar da aka mayar da ita aiki Damagaram, ta ciro wani littafin Hausa daga jakarta ta miƙo mini. Kaurinsa ya kai tubali, bangonsa ya daɗe da ɓacewa gaba da baya. Ta ce labari ne, amma ba na masu gaggawa ba, kuma tana ganin taurin kaina zai kai ni ƙarshensa.

Labarin wani mai haƙar rijiya ne. A shekarar fari ya haƙa a gonar wani attajiri ba da izini ba, ya samu ruwa, gari ya sha. Attajiri ya dawo daga tafiya ya kewaye rijiyar da ƙaya. Aka je gaban alƙali. Iyakar abin da ya faru ke nan, amma marubucin bai bar kowa ba sai da ya shiga cikinsa: makiyayi, liman, matar attajirin, har makahon da ke bakin kasuwa, kowa da tarihinsa da hujjarsa a kan ko ruwa na mai ƙasa ne, ko na wanda ya haƙa, ko na mai jin ƙishirwa. Nakan karanta shafi ɗaya in ajiye in yini ina gardama da shi a bakin murhu.

Abu mai daɗi ba ya zama a bakina ni kaɗai. Kaka ta yi, an cire gyaɗa, mata suna taruwa da hantsi a tsakar gidan Gwaggo ana ɓara. Na ɗauki littafin na je na ce daga yau hannuwanku na gyaɗa, kunnuwanku nawa. Na koma farko saboda su, na kuma yi alkawarin ba zan leƙa gaba ba, tare za mu ji hukuncin.

Kwanakin farko na sha gori. Wata maƙwabciyarmu mai bakin tsiya ta ce ita ba ta taɓa jin labarin da mutum zai yi yini guda yana tunani a bakin rijiya bai ko ja guga ba. Wata ta tambaya yaushe za a yi biki. Na ce babu biki. Ta ce to mutuwa fa? Na ce ku yi haƙuri, wanda ya bi ni zuwa ƙarshe, in bai ji ya ƙoshi ba, ya zo ya ɗebi gyaɗata kwano guda. Da bakina na faɗa, gaban kowa, alhali ni ma ban san ƙarshen ba.

Sannu a hankali littafin ya kama su. Zama ya rabu biyu, masu goyon attajiri a gindin tsamiya, mu masu goyon mai haƙa a jikin rumbu. Ni ce uwar gayyarmu. Kullum ina faɗa da ƙarfi cewa mai buƙata ya fi mai abu haƙƙi, abin da ke ajiye ba a amfani da shi na wanda ya matsu ne. Gwaggo, wadda ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba, ta fi kowa kamuwa. In na tsaya shan ruwa sai ta ce, “Ke 'yar nan, maƙogwaronki ya jira, makahon nan bai gama magana ba.” Don haka a ɗakinta nake barin littafin, da tsinken tsintsiya a inda muka tsaya.

Muka zo gab da ƙarshe. An gama jin shaidu, alƙali ya ce a dawo bayan sallar Juma'a. Washegari ranar kasuwarmu ce, ba mu yi zama ba. Da muka taru kashegarinta, har matan da ba su da gyaɗar ɓara sun zo. Na ɗauko littafin na ji kamar ya rame, ban kawo komai a raina ba. Na karanta yadda gari ya cika ƙofar alƙali, yadda attajiri ya zo da sabuwar riga, mai haƙa kuma da laka a ƙafa. Na juya shafi, sai ga zare da guntayen takarda.

Na ɗaga kai. Kowa ya zuba mini ido, ban da Gwaggo, wadda ta ci gaba da ɓara hankali kwance. Na tambaya wa ya taɓa littafin. Ta ce ita ce. Tsofaffin kaye, wato littattafan rubutu na 'yan lakwal da take naɗe ƙosai da su sun ƙare mata ana tsakar ciniki, sai ta tuna ga takarda a ɗaki.

“Amma kada ki damu,” in ji ta, “wanda muka riga muka ji na ɗiba. Ban tsallake tsinkenki ba, har na bar miki 'yan ganye kusa da shi.”

Na ce, “Gwaggo, ta wane gefe kika ɗiba?”

Ta karɓa ta juya shi, ta buɗe ta dama kamar yadda malaman allo ke buɗe nasu. Ita tun tana yarinya duk littafin da ta gani a hannun mai ilimi ta nan ake fara shi. Ta ce da ta ga ɗan abin da ke bayan tsinken ba shi da yawa, ga tuli a gaba, har daɗi ta ji, ta ce ashe da sauran tafiya.

Abin da na faɗa a lokacin ba zan rubuta shi ba, ƙanwar ubana ce. Mata suka watsu cikin gari neman wanda ya sayi ƙosai ranar kasuwa. Wani ya ce ya hura wuta da tasa. Wata ta nuna mana akuyarta. Mai gyaran moto ya ce wani ɗan garin Dogo-Dogo ya saya da yawa ya wuce, in muna so mu bi shi. Ganye ɗaya muka samu, a maƙale jikin danga, mai ya jiƙa shi har ana ganin rubutun baya ta gaba. Da ƙyar na karanto cewa wata tsohuwa tana shayar da jakinta da yamma. A wace rijiya, da izinin wa, takardar ba ta faɗa ba.

Muka dawo tsakar gida, ni ina huci, ina lissafa wa Gwaggo cewa littafin nawa ne, kyauta aka ba ni, ba ta tambaye ni ba. Ta bari na gama. Sannan ta tofar da ɓawon gyaɗa ta ce, “Ikon Allah. Ba ke ce kullum kike cewa mai buƙata ya fi mai abu haƙƙi ba? Ga takarda a ajiye, ga masu saye a tsaye. Yau kuma kin koma gindin tsamiya?”

Dariyar da aka yi har kaji sai da suka watse. Mai bakin tsiyar nan ta jawo tabarma ta shimfiɗa mini a gefen masu goyon attajiri, ta ce bismilla Hajiya. Ban zauna ba.

Daga nan shari'a ta dawo hannunmu. Aka ce tunda alƙali ya tafi Dogo-Dogo cikin ƙosai, mu za mu yanke. Muka yi ta yi har la'asar. Abin da ya ba ni mamaki, duk wuraren da suka yi mini gori a kansu, su suke jawowa. Wadda ta nemi biki ita ta tuna abin da makiyayi ya faɗa tun farkon littafin, kalma da kalma. Ba mu daidaita ba. Na ce to ga buhuna, wadda ba ta ƙoshi ba ta ɗebi kwanonta. Babu wadda ta tashi, sai Gwaggo da ta ce ita za ta ɗiba don an zage ta.

Abin da na koya shi ne, babban littafi ba a ƙarshensa yake ajiye abincinsa ba, tun a hanya yake ciyar da mutum. Har yau ina tura wa mutane masu kauri, amma na daina rantsuwa a kan ƙarshe. Nakan ce, karanta, zai sa ka yi gardama da kanka. Na kuma koyi cewa wanda ka jawo cikin littafi, ka nuna masa ƙofar shiga.

Washegari da sassafe na same ta a bakin kasko. Na ajiye mata ɗaurin takardar buhun siminti na naɗin ƙosai. Sannan na jawo kujera, na ɗora littafin a cinyarta, na buɗe shi ta hagu, na kama yatsanta mai maiƙo na dangwala shi kan harafin farko.