Sabulu a Rufin Motar Kawu

Rufin bas ɗin Kawu yana yoyo ta mahaɗar ƙarfe, daidai saman kujerar da nake zama idan zai kai ni makaranta Dutse. Kunya ta hana ni faɗa, sai dai in karkace kada farin hijabina ya ɓaci. Da ya lura, ya ƙi sa kwalta, wai rana za ta narkar da ita a kaina. Sai ya cusa sabulu.

Ruwa na tare mu a hanya sai ga kumfa tana saukowa. Wata tsohuwa ta ce, "Direba, har da wanka a kuɗin motar?"

Ranar ya sayo baƙin gam irin na gilashin mota. Har damina ta wuce ban sake karkacewa ba.