Takunkumin Saliha

Daga Allah muka zo, wurinsa kuma za mu koma. Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan azumin tsofaffi, da hantsi, muna tsakiyar yankan tumatir a filin shanya na bayan kwata, aka zo aka ce Saliha matar Malam Gidaɗo ta cika. Mata suka ajiye wuƙaƙe suka nufi gidan. Ni ce ta ƙarshen tashi, kuma ba ciwon gwiwa ne ya riƙe ni ba.

Ni ce Tambaya, wadda kuke kira Iya. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Joanna ta asibitin garinmu ce take rubuta min, na kuma ce mata kada ta gyara komai, yadda na faɗa haka za ta sa.

Saliha, ke da bakinki kika ce na girme ki da shekara ashirin, amma kika riƙe ni kamar ƙawa. A wurin yanka sai ki kalli hannuna ki ce, "Iya, wuƙar nan taki ta girme ki, ba ni in wasa." Kafin in ankara kin juye rabin abin da kika yanka a kwandona, kina wani zancen daban don kada in yi godiya. In kin turara shinkafa, ba ta tafiya inji a Kura sai kin ɗebar min ta tuwo.

Wanda ya fi tsaya min shi ne lokacin takabata. Da mai gidana ya rasu, 'yan gaisuwa suka yi kwana bakwai suka watse. Ke kuwa kullum bayan la'asar sai ga ki da faifai, ki zauna a gefena kina tsintar shinkafa. Ba kya min wa'azi. In na yi kuka ki bar ni in yi, in na yi shiru ke ma ki yi. Wata huɗu da kwana goma, ban tuna ranar da kika fasa ba.

Bara da damina kika fara gajiya. Zazzaɓi ya ƙi tafiya, tabo baƙi-baƙi a hannu, dasashi yana jini. Aka kai ki babban asibiti a Kano, aka ce dajin jini ne. Kika daɗe can ana ƙara miki jini, ana sa miki wani ruwan magani. Da kika dawo gashin kanki ya zube, an ɗaure miki takunkumi a baki da hanci, an ajiye buta da sabulu a ƙofar ɗakinki, an ce kada a taru a kanki.

Ni da na ga haka sai na yanke hukunci. A filin shanya na faɗa, mata sun fi ashirin. Na ce likita ba ya rufe wa mutum baki haka kawai, wannan irin na tarin fuka ne, kowa ta yi ta kanta. Rabinsu ni na yi musu wankan jego, in na yi magana ba a musu. 'Yarki Rauda ta zo har gida ta ce, "Wallahi Iya ba a ɗauka." Na ce a raina, to me za ta ce dama, ba uwarta ba ce? Na ci gaba da aika miki kunu, amma na ce a bar kwanon a can, kada a dawo min da shi.

Sau ɗaya na je. Na tsaya a bakin ƙofa, ƙafata ɗaya a waje. Na ce, "Sannu Saliha, ya jiki?"

Kika ce, "Iya, shigo mana, wanke hannu kawai za ki yi. Yau jikin da sauƙi. Zuciyar ce. Tsoro nake ji, Iya, kuma ba wanda zan gaya wa. Malam in na fara sai ya fita, Rauda kuma yarinya ce."

Na ce, "Ki yi ta ambaton Allah, tsoro ba na mumini ba ne. Bari in je, na bar tukunya a wuta."

Kika ɗan yi dariya ta cikin ƙyallen nan, kika ce, "To kada ta ƙone."

Babu wata tukunya, Saliha. Ke ma kin sani, don kin san ba na girki da hantsi.

Bayan an yi sadakar uku na zo asibiti karɓar maganin gwiwa, na tambayi Joanna ko ya kamata a ƙone tabarmarki. Ta ce, "Iya, ciwon nan ba ya tsallakawa daga mutum zuwa mutum. Takunkumin ba don a kare ku ba ne, ita ake karewa daga ku. Maganin ya raunana jininta, murarki kaɗai ta isa ta kwantar da ita." Ta ce duk ranar da ta je duba ki, kina riƙe mata gefen riga ki ce ta ƙara minti biyar. Ba magani kike nema ba. So kike ki yi zancen mutuwa da wani wanda ba zai ce ki yi shiru ba, ki faɗi abin da kike jin tsoro a kan Rauda, ki ji wa ya haihu, wa ya yi faɗa da wa, nawa kwandon tumatir a Kadawa. Wata biyar kina jin muryoyinmu muna wucewa ta bayan katangarki.

Da ana shirin ɗaukarki liman ya ce duk wanda kika yi wa laifi ya yafe. Na ji mata suna cewa mun yafe, ni ma na buɗe baki sai na kasa. Me zan yafe miki? Ni ce mai nema, kuma na makara.

Ya Allah Ka jiƙan Saliha, Ka sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubi. Ka yalwata mata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka ba ta abokan zama waɗanda suka fi mu. Malam Gidaɗo, Allah Ya ba ka haƙuri. 'Yan'uwanta na Bunkure, Allah Ya ba ku dangana, ku yafe min in za ku iya.

Saura magana ɗaya, kuma saboda ita na ce a karanta takardar nan a gaban mata ranar sadakar bakwai. Rauda kitso take yi, da shi take rufa wa kanta asiri. Tun da na yi maganar nan a filin shanya ba kan da ya shiga hannunta, don an ce hannun da ya yi jinya ne. Har yau ana kewaye ta ana tafiya wata unguwa. Ni na ɗaura wannan, ku ji daga bakina: ƙarya na faɗa, jahilci ne, yarinyar nan lafiyarta ƙalau.

Rauda, ranar Alhamis da hantsi zan zo. Ki shimfiɗa tabarmar mahaifiyarki a tsakar gida, ki bar ƙofa a buɗe. Furfurar tawa ba ta da yawa, da ƙyar za ki samu ta kamawa. Ki ja yadda kika ga dama, ba zan ce wayyo ba.