Gwiwar Bijimi Zuwa Maiyama

Mun tashi daga Sabiyal da asuba, ana idar da salla, mu uku: ni da yayana da wani aminina mai a-kori-kura, wanda ya rantse ba zai karɓi komai ba sai kuɗin mai. Yaya muka sa a gaba, ƙafarsa ta dama a miƙe bisa matashi. Ni na hau baya tare da buhun albasa biyu na tsaraba. Da tumbina da buhunan nan, sai da motar ta ɗaga hanci sama kamar za ta tashi da mu.

Dalilin tafiyar gwiwar Yaya ce. Shekara biyu ke nan ba ta barinsa ya taka zuwa fadamar da mahaifinmu ya bari. In ya miƙe tsaye, ƙarar da take yi har maƙwabta kan leƙo su ga wa ke niƙa. Mutumin da ya tsufa cikin noman albasa ya koma zaman dakali, sai ya fara cewa zai sayar da fadamar, tunda 'ya'yansa boko ta kwashe su, ni kuma kowa ya san bakina ya fi hannuna aiki. Har mai saye ya samu, yana jiran amsa kafin a zuba iri. Ana cikin haka na ji a wurin wani suna cewa wani likita ɗan Maiyama da ke aiki a Turai ya zo ganin mahaifiyarsa, kuma wai aikinsa can facin gwiwa ne: in guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa ya cinye, sai ya sa wani. Na roƙi Yaya ya riƙe amsar tasa har mu je mu dawo.

Hanyarmu zuwa Aliero tana nan yadda kuka san ta. Tun da aka yanke mana jiha daga Sakkwato ake cewa za a gyara, ramukan kuwa sai aure suke suna haihuwa. A wani ramin na tashi sama har na hango rufin gidanmu, na dawo na tarar buhu ya gaje mini wuri.

A Aliero Yaya ya ce ba zai wuce garin maɗora bai gwada na gida ba. Muka shiga zauren wani dattijo da ya gaji ɗori daga kakanni. Tun da sassafe zauren ya cika: mai karaya a hannu, mai targaɗe, har da wani da aka kawo daga nesa bisa katifa. Dattijon ya shafa gwiwar, ya lanƙwasa ta, ya kasa kunne, sannan ya sake ta. Ya ce, "Alhaji, ni abin da ya karye nika ɗorawa. Wagga ba ta karye ba, cinyewa ta yi. In na ɗaure ma ita na cuce ka." Ko sisi bai karɓa ba, ya kuma ba mu fura mai sanyi. Har gobe ina yi wa mutumin nan addu'a.

Muna fita gari Yaya ya sa aka rage gudu don ya kalli rudun albasa, wato rumfunan karan nan da ake ɗagawa daga ƙasa a jibge albasa ciki iska na ratsa ta. Ya nuna wani ya ce mai shi ya cika shi da yawa, ta tsakiya za ta ruɓe. Ya nuna wani ya ce wannan ya san aiki. Tun da muka baro gida sai a nan na ga fuskarsa ta saki.

Mun iso Jega ranar kasuwa, rana ta ɗan ɗaga. Shanu da raguna da buhunan gero da 'yan kabu-kabu, kowa yana neman ya bi ta kan kowa. Muka karya da masa da miya. Mai masar ta ce sai dai mu yi haƙuri, ta rage musu girma saboda tsadar shinkafa. Gaskiya ta faɗa, don sai da na ci ashirin kafin cikina ya san an yi baƙi.

Ina suɗe hannu wata dabara ta faɗo mini. Wa ya taɓa zuwa wurin tela ba yadi? Bakanike ma cewa yake je ka sayo kayan gyara, asibitocinmu kuwa har zaren ɗinki kai za ka kawo. To likitan da ya zo hutu, ina zai sami guringuntsi a Maiyama? Na nufi mahauta, na zaɓi gwiwar wani bijimi da aka yanka a safiyar, guringuntsinta fari tas yana sheƙi kamar sabon tangaran. Mahaucin da ya ji dalili ya ajiye wuƙa ya dube ni, ya ce shi dai ya sayar, sauran tsakanina da likita.

Sai gardamar ajiya ta tashi. Mai mota ya ce a barbaɗe ta da gishiri kamar fata. Wani mai kilishi da ba a tambaye shi ba ya ce a shanya ta bisa kan mota, kafin Maiyama ta bushe. Ni na ce Turawa da ƙanƙara suke komai. Na ari kula wurin mai sayar da lemo, na cika ta da ƙanƙara, na binne gwiwar a ciki. Sai da muka tashi Yaya ya ce, "In anka sa min ta, kai zaka yanko min ciyawa."

Daga Jega muka haye gulbi muka miƙa kudu. Kwaltar tana da kyau, gonakin gero da dawa hagu da dama, manyan motoci suna wuce mu kamar muna tsaye. Ni dai ina rungume da kula, ruwan ƙanƙara yana tsiyaya a cinyata. Da muka tsaya a shingen duba motoci aka tambayi abin da ke ciki, na ce kayan asibiti ne. Mai tambayar ya buɗe, ya rufe, ya ce Allah ya ba da lafiya.

Gidan likitan bai yi wuyar samu ba, kowa a Maiyama ya san shi. Na zaci zan ga mai kwat da tabarau, sai ga wani siririn mutum da 'yar shara a gindin darbejiya yana cin gyaɗa. Muka gaisa, na gabatar da Yaya, na ajiye kula gabansa na buɗe. Ya leƙa, ya dube ni, ya sake leƙawa, sai dariya ta kama shi har gyaɗa ta sarƙe shi. Da ya dawo hayyacinsa ya ba mu haƙuri, ya sa aka shimfiɗa tabarma.

Ya ce da farko, guringuntsin dabba ba ya zama a jikin mutum. Na mutum ake sawa, daga mamacin da aka ba da izinin a amfana da jikinsa. Sannan ya ce ko da na mutum ne a kular nan, wannan ba ajiyarsa ba ce. Guringuntsi abu ne mai rai, akwai 'yan ƙwayoyi a cikinsa da ido ba ya gani, su ke kula da shi suna gyara shi. In aka daskarar da shi zai daɗe a ajiye, a ido lafiya lau, amma yawancin ƙwayoyin sun mutu, in an dasa shi sai ya riƙa gogewa ba mai gyarawa. Gishiri da shanya kuwa, ya ce, ko a baki kada a sake faɗa. Yadda suke yi shi ne a tsoma shi cikin wani ruwa mai ɗauke da abincin ƙwayoyin, a sa a sanyin da bai kai na daskarewa ba. Ko hakan ma kowace safiya wasu na mutuwa, ga shi dole a jira a gwada a tabbatar mamacin ba shi da cutar da za ta bi maras lafiya. In an yi gaggawa da haɗari, in an yi jinkiri an dasa gawa.

Ni tuni kaina ya ɗau zafi. Yaya ne ya gyara zama ya ce, "Likita, ashe albasa ce. Ita ma numfashi takai. Ka rufe ta ta ruɓe, ka bar ta a rana ta ƙone, kuma ko ka iya ajiya, kullum tana raguwa." Likita ya ce, da a ce ɗalibansa na can suna ganewa da sauri haka, da bai yi furfura ba.

Sai ya duba gwiwar. Ya daɗe yana lanƙwasawa, ya sa Yaya ya taka, ya zauna, ya tashi. Bai ɓoye mana komai ba. Ya ce facin da suke yi na ƙaramin rami ne a gwiwar da sauranta ke da lafiya, galibi ta matasa. Ta Yaya ta sha aiki ko'ina, ba wurin da faci zai kama. Na ga Yaya ya sunkuyar da kai.

Likita ya tambaye shi me yake so gwiwar ta yi masa. Yaya ya ce ta kai shi fadama. Likita ya ce, "Baba, wannan ba sai an yanka ka ba. Zaman da kakai shi ka ƙara kashe ta." Ya nuna masa yadda zai riƙa ɗaga ƙafa a miƙe safe da yamma don naman cinya ya yi ƙarfi ya ɗauke wa gwiwar kaya. Ya ce ya riƙe sanda a hannun hagu, ya hau jaki in tafiyar ta yi nisa, ya kai kujera fadama ya bar tsuguno ga masu ƙuruciya. Ya rubuta magani da takardar da za a kai asibiti a ɗauki hoton ƙafar. Da ya juyo kaina kuwa, tumbina ya nuna, ya ce in ban rage ba, nan da 'yan shekaru ni za a ɗauko a gaban mota.

Gwiwar bijimi ba ta yi asara ba. Mahaifiyar likita ta sa aka yi farfesunta da albasarmu, muka ci bayan azahar, har likita ya ce ajiyata ta yi daidai da wannan aikin.

Mun juyo da la'asar. A Jega na mayar da kula, Yaya kuma da kansa ya sauka ya zaɓi sanda, ya ƙi mai ado, ya ɗauki ta makiyaya. Muka shigo Sabiyal rana tana shirin faɗuwa.

Na fita neman abin da za a sa wa Yaya a ƙafa, na dawo da sanin cewa abu mai rai ba a ajiye shi yadda ake ajiye kilishi, ko guringuntsi ne ko dattijo. Shekara biyu muna lallaɓa shi bisa dakali muna cewa hutu ne. Na gode wa Allah, na gode wa mutum biyun da suka iya cewa wannan ba aikinsu ba ne.

Mota na tsayawa a ƙofar gida, na miƙa hannu in taimaka masa. Ya ture hannun, ya dogara sandarsa ya sauko, ya ce, "Kafin ka cire takalmi, tafi gidan mutumin nan. Ka ce mai ya nemi wata fadama."