Ranar da Mama Ta Riƙe Mini Jaka

A shekarata ta biyu a Manchester na kamu da son wani wasan kwaikwayo na talabijin. Labarin wani ƙaton gida ne na masu sarautar Turawa a zamanin da: maigida da iyalinsa a saman bene, barori kuma a ƙasa wajen madafa, suna jiran a kaɗa musu ƙararrawa. Lokacin ina zaune a Levenshulme, a ɗaki guda a saman shagon wani mai sayar da kayan miya, ina karatun digiri na uku. Da na dawo daga uni, wato jami'a, sai in ɗora shinkafa in kunna wasan. Babu wanda ban sani ba a gidan cikin wasan nan, har karensu.

Wata Baturiya da ke aiki a laburarenmu ta ga hoton gidan a fuskar wayata, ta sa ni cikin wani guruf na masoya wasan, wato zauren hira na waya. Yawancinsu mata ne. Duk ranar da aka nuna sabon kashi sai guruf ya rikice, masu kuka don an kashe wane, masu tsine wa marubucin. Akwai wadda kullum sai ta rantse ta daina kallo, mako na zagayowa kuma ita ce farkon yin magana. Ni kaɗai ce baƙar fata a cikinsu, suna kuwa ji da ni. Wata rana suka tambaye ni ko mu ma muna da irin waɗannan gidaje a Najeriya. Na ce sosai ma, ai ni kaina a hannun masu yi mana aiki na taso. Alhali mahaifina malamin firamare ne a Kaduna, mu muke wanke-wankenmu, mu muke ɗebo ruwanmu. Amma na ga maganar ta yi musu daɗi, sai na bar ta a haka.

Da labari ya zo cewa an mayar da wasan fim za a nuna a silima, sai da aka yi mako guda ana gardama, wasu na cewa za a ɓata shi ne kawai. Daga ƙarshe aka tsayar da magana: a haɗu a Birmingham ranar Asabar da rana, tunda nan ne tsakiya ga kowa, kuma kowa ta yi shiga irin ta mutanen gidan.

Ina da masauki a Birmingham, gidan Mama a Handsworth. Aminiyar mahaifiyata ce, tare suka yi aikin jinya a Kaduna. 'Yar Filato ce, Kirista, ta daɗe a Ingila tana aiki a gidan kula da tsofaffi. Ita ta tarbe ni a filin jirgi ranar da na sauka, ita ta sa mini rigar sanyi ta farko a jikina. Da azumi kuwa takan kira ni ta ce, "Ɗiyata, kin sha ruwa? Me kika ci?"

Ranar Juma'a na hau jirgin ƙasa na je wurinta da wata doguwar riga da na saya a shagon gwanjo. Ta yi mini tsawo. Mama ta fito da kekenta na ɗinki ta rage mini ita, tana yi tana dariya. Da na ɗora malafa a kan ɗankwalina na zura safar hannu na ɗauki lema, sai da ta riƙe ciki.

Ta ce, "Gobe ba ni da shift a wurin aiki. Zan bi ki in ga abin nan da ya haukata ki."

Na ce, "Mama, ba zai yi miki daɗi ba, surutu ne kawai da shan shayi."

"To ni ba na shan shayi ne?"

Haka muka fita washegari, ni cikin rigata mai jan ƙasa, ita da zanin atamfa da kwat da takalmin da take zuwa aiki da shi. A bas ta karɓi jakata don in samu in tattare riga. A cikin jakar akwai takalmina na kullum da cincin ɗin da ta soya mini.

A ƙofar silima muka tarar da 'yan guruf sun yi dafifi, an sha kwalliya, ana ɗaukar hoto. Suka rungume ni. Sai wata mai mafici na gashin tsuntsu ta kalli Mama da ke tsaye a bayana da jaka, ta tafa hannu ta ce da Turanci, "Kai, kin fi kowa! Har da mai yi miki hidima kika zo!"

Aka fashe da dariya. Na san wasa take yi, kuma kalma ɗaya ta isa ta gyara komai: wannan mamata ce. Ban faɗa ba. Na yi dariya tare da su, na ɗaga haɓa kamar yadda uwargidan cikin wasan take yi, na ce, "Ai ba na fita sai da ita." Sannan na miƙa wa Mama lemata ba tare da na dube ta ba.

Ta karɓa. Wata ta ba ta waya ta ce ta ɗauke mu hoto, ta ajiye jakar a tsakanin ƙafafunta ta ɗauke mu, har sau uku, tana ce mana mu matso. Babu wadda ta ce ta shigo cikin hoton, ni ma ban ce ba.

A cikin silima ni ina tsakiyar layi, ita tana can ƙarshe. Fim ɗin da na yi watanni ina jira ya wuce ban fahimci rabinsa ba. Duk lokacin da aka kaɗa ƙararrawa barori suka miƙe, sai in saci kallon inda take. Ta zauna tsaf, jakata a cinyarta. Da aka tashi, 'yan guruf suka nufi wurin shan shayi suna musu, wasu sun yi hawaye, wasu na cewa an cuce su da ƙarshen labarin. Na ce musu kaina na ciwo, muka kama hanya.

A bas, bayan mun wuce tasha biyu, sai Mama ta ce, "Fim ɗin ya yi kyau. Amma sun yi ƙarya a wuri guda."

Na ce, "Ina, Mama?"

"Wurin da mai dafa abinci ta zauna tana hira. Babana kuku ne, ya yi shekaru yana dafa wa Baturen haƙar kuza a Bukuru. Muna zaune a ɗakunan bayan gida. Ban taɓa ganin ya zauna da rana ba, ban kuma taɓa ganin ya bi ta ƙofar gaba ba. Idan aka yi baƙi, shi zai tsaya har a gama, ya kawo mana abin da ya rage a kwano. A nan na fara cin fankek." Ta yi murmushi. "Ya iya girki, Allah ya ji ƙansa."

Ban taɓa jin wannan labarin ba. Na jira ta kawo maganar ƙofar silima, ba ta kawo ba. Da muka isa gida ta tuƙa tuwo, ta zuba mini miyar kuka da yawa kamar yadda ta saba. Ranar Lahadi da safe ta tafi coci, ni kuma na rubuta mata 'yar takarda cewa ina da aiki a uni, na gudu kafin ta dawo.

An sa hoton a guruf. Wata ta rubuta a gaishe da mai hidimata, ta iya ɗaukar hoto. Na karanta na kashe wayar. Kwana uku bayan haka Baturiyar laburare, wadda ita ma ta je silimar, ta tare ni a bakin matakala ta ce, "Wace ce matar nan da kuka zo tare? Na ga ba ta yi dariya ba." A nan tsaye na gaya mata gaskiya, har da ta gidanmu. Sai ta ce, "To ya kamata ki gaya musu." Na rubuta a guruf a ranar. Mai mafici ta yi ta ba da haƙuri, ta ce in ba ta adireshi ta aika furanni. Ban ba ta ba, don ba ita ce mai laifin ba.

Sai da na yi mako uku kafin na iya komawa Handsworth. Na tarar da Mama tana guga a falo. Na durƙusa a gabanta na fara kame-kame. Ta jingine dutsen gugar ta saurare ni har na gama.

Ta ce, "Na ji abin da kika faɗa ranar nan. Kafin a haife ki nake jin Turanci."

Na sunkuyar da kai.

"Hidima ba zagi ba ce a wurina. Ita babana ya yi, ita nake yi, tsofaffinsu nake wankewa kullum. Da kin ce ni mai aiki ce a care home, da gaskiya kika faɗa. Abin da ya yi mini ciwo shi ne yadda kika miƙo lemar nan ba ki dube ni ba."

Na yi kuka sosai. Ta bar ni na yi, sannan ta ce in tashi ƙasa akwai sanyi, in je in duba mata wake a wuta kada ya ƙone.

Na ci gaba da zuwa gidanta har na gama karatu, ranar da aka ba ni digiri ma ita ta zauna a kujerar iyaye. Ba ta sake tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Duk ranar Lahadi da yamma suna waya da mahaifiyata, su daɗe suna hira, kuma na tabbata ba ta gaya mata ba, don da ta sani da tuni na ji a jikina. Ni ma na sha ɗaukar waya da niyyar in gaya mata da bakina, sai mu ƙare a hirar tsadar masara da bikin 'yar maƙwabta. Har yau ban faɗa mata ba.