Saƙon Ishaku a wayar Mama Talatu

Ranar wata Laraba ce a tsakiyar damina, shekarar da nake aji biyar na firamare, aka tashe mu da wuri saboda rufin ajinmu yana yoyo. Na dawo gidanmu na Kurmin Mashi da laka har idon sawu, na tarar Umma ta tafi gidan suna, Baba kuma yana ofis. A falo, a kan tabarma kusa da bango, ga wayar maƙwabciyarmu Mama Talatu tana caji. Na zare ta, na zagaya bayan tankin ruwa inda ba mai ganina, na zauna a kan bulo na buɗe wasan maciji. Ban yi nisa ba sai wani ɗan hoton ambulan ya fito a saman gilashin yana ƙyaftawa. Na rufe wasan, bai daina ba. Na kashe wayar na sake kunnawa, yana nan yana ƙyafta mini. Na ɗauka na lalata kayan mutane. Sai na tuna na taɓa jin Yaya Bilki tana gaya wa Baba cewa idan saƙonni suka cika waya sai an rage su. Na shiga wurin saƙonni na danna, wayar ta yi mini wata tambaya da Turanci, ban tsaya karantawa ba na sake dannawa. Ambulan ya ɓace. Nan take wayar ta yi ƙara, sabon saƙo ya shigo, tallar kamfanin waya ce. Na duba ƙasansa don in ga sauran. Babu ko ɗaya. Na goge su duka.

Gida ɗaya muke haya da Mama Talatu, mu a sashen ciki, ita a ɗaki biyu na bakin ƙofa, da gwaiba a tsakaninmu da igiyar shanya guda da muke rabawa. Mutuniyar kudancin Kaduna ce, ta yi shekaru tana buga takardu a wata ma'aikata a Doka har ta yi ritaya, sannan yanar ido ta rufe mata gani a hankali. Tana gane mutum da tafiyarsa, tana dafa faten accarta, tana ba kajinta dusa, tana zuwa coci ba ɗan jagora, amma ƙananan baƙi sun fi ƙarfinta. Ɗanta Ishaku ne ya saya mata wayar, lokacin da salula ta fara shiga gidajen Kaduna, ƙarama mai koren haske, ya ɗaura mata zare a jiki don ta riƙa ratayawa a wuya. Wurin cajin ɗakinta ya ƙone, shi ya sa take kawowa wurinmu. Ishaku dogo ne mai yawan tsokana, yakan ce mini “Hafsatu mai maganar kuɗi” saboda ba na magana. A daminar da ta gabata ya tafi aiki Zariya, a hanyar dawowa motarsu ta yi karo da wata babbar mota wajen Katabu. Bai iso gida ba.

Da suka taso ya turo wa mahaifiyarsa saƙo, kuma tun bayan makoki ni ce mai karanta mata shi. Duk ranar Lahadi in ta dawo daga coci, ta cire ɗankwalin zumuntar mata ta ninke, sai in ji muryarta daga bakin ƙofa: “Sakatariya, zo ki duba mana fayil.” Sai in bar wanke-wanke ko ’yar carafke in tafi. Ta taɓa gaya wa Umma dalilin da ya sa ta zaɓe ni. Ta ce manya in sun karanta sai su ɗora da ba da haƙuri har mutum ya gaji, ni kuwa in na kai ƙarshe sai in yi shiru. Saƙon gajere ne. “Mama, mun taso daga Zariya. Ruwa zai sauko, ki sa a kwashe miki shanya. Na sayo miki rake. Kada ki ci tuwo sai na zo.” Takan saurara tana kallon ƙofa, wani lokaci ta yi murmushi a wurin raken, domin haƙoranta sun daɗe da daina iya shansa, shi ma ya sani. Sannan ta karɓi wayarta ta rataya, ta ba ni gwaiba ko gyaɗa, shi ke nan.

Wannan saƙon na goge. A ranar na mayar da wayar caji kamar ban taɓa ta ba, na share tsakar gida sau biyu, na ɗebo ruwa a famfon layi har na cika randa da bahon wanki ba wanda ya sa ni. Na yi niyyar gaya wa Umma, na bi ta har kicin na tsaya a bayanta, ta juyo ta ce, “Lafiya kike tsaye mini a ka kamar soja?” Na ce lafiya. Alhamis ta wuce, Juma’a ta wuce. A makaranta muna sharar filin taro da tsintsiyar kwakwa, ƙawayena suna ’yar gala-gala a gindin dalbejiya, ni ina ta maimaita kalmomin a zuciyata, kada ko ɗaya ta zube.

Lahadi ta zo, aka kira Sakatariya. Ɗakin yana ƙanshin citta da man zafi kamar kullum, ga hoton Ishaku da rigar kammala makaranta a saman kabad. Ta miƙo mini wayar. Na danna inda na saba dannawa don ta ji ƙarar madannan, tallar nan ta fito tana cewa a sa kati a sami garaɓasa. Na kafa mata ido, na buɗe baki na ce, “Mama, mun taso daga Zariya.” Na kai har ƙarshe ban yi tuntuɓe ba. Mama Talatu ta yi murmushi a wurin raken. Ta ba ni gwaiba biyu, na kai su bayan tanki na jefa wa kaji.

Haka muka yi ta yi har damina ta ɗauke, aka yanke masarar da Baba ya shuka a bayan gida, aka shiga sanyi. Kowace Lahadi ina karanta saƙon da babu shi. Na daina taɓa wasan maciji, ko a wayar Baba. Na koma yi wa Mama Talatu aikin da ba ta nema ba: in kwashe mata shanya, in kora kajinta akurki da magariba, in zira mata zare a allura, in tsince mata acca. Umma ta riƙa gaya wa baƙi, “Yarinyar nan ta yi hankali bana.” Duk lokacin da ta faɗa sai in ji kamar an zuba mini ruwan zafi a ƙeya. A Islamiyya malamarmu ta yi mana darasi a kan amana, na sunkuyar da kai ina kallon tsagin benci har aka tashi. Akwai ranar da na karɓo wayar zan kai caji, na tsaya a kan bokitin wanki cike da ruwa, na riƙe ta da zarenta tana lilo. Na san in na saki, za a yi mini faɗa na yini ɗaya a kan sakaci, asirina kuma ya rufu har abada. Ban saki ba. Har yau ban sani ba ko tsoron Allah ne ya hana ni ko tsoron bulalar Baba.

Abin da ya fi muni ya zo ne daga baya. Wata rana matan zumunta suka zo su uku, na ji suna gaya wa Umma cewa an sa wa Mama ranar aikin ido, likita ya ce yanar ta nuna, in an cire za ta ga har kafar allura. Umma ta yi ta hamdala, ta ce za ta dama mata kunu a kai asibiti. Ni kuwa ina tsugune ina wanke tukunya, sai na ji zuciyata tana cewa Allah ya sa kada aikin ya yi. Shekarata goma sha ɗaya. Matar da ke ajiye mini gwaiba mafi nuna, na so ta dawwama cikin duhu don kada a ce na yi laifi. Goge saƙon kuskuren yatsa ne, na daɗe da yafe wa yarinyar nan shi. Wannan fatan ne ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yanzu da nake rubuta shi.

Aikin ya yi kyau. Ta dawo da bandeji a ido, daga nan baƙin tabarau, daga nan kuma farin tabarau na karatu. Ta riƙa zagaya tsakar gida kamar baƙuwa tana gaisawa da kaya. Ta ce ashe gwaibar nan ta wuce rufi. Ta ce wa Baba, “Malam, yaushe furfura ta kama ka haka ba a sanar da mu ba?” Ta kama haɓata ta ɗaga, ta ce ashe Sakatariya da wushirya ake ta ɓoye mana. Kowa yana dariya, ni ina neman hanyar sulalewa. Na fara tafiya Islamiyya tun kafin a buɗe, in na dawo in bi ta jikin bango. Lahadi biyu suka wuce ba a kira ni ba. Ina ganinta daga nesa a kan kujerar roba, tabarau a hanci, wayar a tafin hannu, tana dannawa a hankali da yatsa ɗaya.

A Lahadi ta uku Umma ta ce, “Hafsatu, Mama tana kiranki, kin tsaya kina kallona.” Na tafi. A kan teburin ɗakin ga wata tsohuwar tafireta da ban taɓa gani ba, an goge ta, an sa mata farar takarda. Wayar tana gefe, an kifa ta. Mama Talatu ta nuna mini kujera ’yar tsugunno. Ba ta ce in duba fayil ba. Ta gyara tabarau, ta ɗora yatsunta a kan madannan, ta ce, “Faɗa mini a hankali, ni zan buga. Kada ki yi sauri, hannun ya kwana biyu.” Na fara. Ina faɗa tana bugawa, ƙarar tana cika ɗakin, in ta kai ƙarshen layi ’yar ƙararrawa ta kaɗa ta tura abin ya koma. A wurin raken na tsaya, ta jira ni ba ta ɗago ba. Da muka gama ta zare takardar, ta matsa kusa da taga ta karanta da idonta, leɓɓanta suna motsi. Ta ce, “Haka yake? Ba ki rage ba, ba ki ƙara ba?” Na ce, “Haka yake, Mama.” Ta ninke takardar gida huɗu ta sa a cikin Littafi Mai Tsarki.

Na tsaya a bakin ƙofa, kalmar tana bakina. Ki yi haƙuri, Mama, ni ce. Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau, ta ba ni lokaci, na tabbata ta ba ni lokaci. Na kalli farcen ƙafata. Sai ta ce, “Je ki, Ummanki tana jiran ki da wanke-wanke.” Ba ta gaya wa Umma ba, ba ta gaya wa Baba ba. Ta ci gaba da ajiye mini gwaiba, tana amsa gaisuwata da fara’a, amma ba ta sake kirana ranar Lahadi ba, tunda yanzu tana iya karantawa da kanta. Bayan shekara biyu ta koma garinsu wurin ’yan’uwanta. Na taya ta ɗaure kwanuka a buhu, na riƙe mata ƙofar mota, nan ma ban faɗa ba. Ina jami’a Umma ta kira ni ta ce Mama Talatu ta rasu.

Yanzu wayar da ke jakata tana ɗauke da saƙonni da hotuna da ban san adadinsu ba, har da muryoyin mutane suna dariya. In ka goge abu, akwai inda take ajiye maka shi na kwanaki ko za ka sake shawara. Ina ganin wannan alheri ne, ba na cikin masu zagin wayoyin zamani. Sai dai ina lura da yadda muke tura saƙo ɗari a yini ba mu haddace ko ɗaya ba, alhali akwai lokacin da jimla huɗu suka ishi wata uwa ta rayu a kansu daga Lahadi zuwa Lahadi. Ni ba na iya goge komai. ’Yata takan karɓi wayata ta ce, “Mami, har saƙon mai kawo ruwa na bara kin ajiye?” Sai in ce ta bar mini kayana. In na bi ta Kurmin Mashi nakan rage gudu a layinmu. An sare gwaibar, an yi shagon sayar da waya a ɗakin bakin ƙofa, samari suna zaune suna liƙa wa gilashi kariya. Wayoyin da suke sayarwa suna iya dawo da abin da aka goge. Ban haƙurin da na riƙe a bakina ranar nan ne har yau ban san inda zan aika shi ba.