Ranar da Na Cire Kyaftin

Aikin koci a talabijin na koye shi, wajen wani mutumin Sikotilan, tsohon ɗan wasa da ba ya jin nauyin cire kowa daga fili. Ranar da ƙungiyarmu ta Kibiya ta kara da Rano, an ci mu ɗaya, na kasa zama, sai kai-komo nake a bakin layi. Kyaftin ya gaji, na cire shi, na kira ɗan canjinmu tilo, wato ƙanensa.

"Malam, ni zan karɓi wurin Yaya? Kwano ɗaya fa muke ci."

Ina cikin lallashinsa yayan ya hau babur ya tafi. Mu goma muka ƙarasa wasan, Rano ta ƙara mana biyu.